Tuwon Iri

Har yau in na ga mutum ya ɗora kwando a ka zai kai wa maƙwabcinsa taimako, yana tafe yana kwaɗa sallama don unguwa duk ta ji, sai raina ya ɓaci. Jikokina suna cewa tsufa ne ya sa ni faɗa. Ƙarya suke yi, tun haƙorana suna cike haka nike. Na dai taɓa ganin yadda ake yin kyauta, na kuma ga abin da magana guda ta yi mata, shi ke nan dalili.

Ni 'yar Boyekai ce ta ƙasar Goronyo, anka kawo ni aure Magarya, ƙasar Wurno, zamanin Nasara. Maigidana manomi ne, mutum mai sanyin hali, irin wanda in ka taka shi sai ya tambaye ka ko ƙafarka ta ji ciwo. Ni kuwa Allah bai yi ni haka ba. Amma mun zauna, tun da shi ba ya ramawa, faɗan mutum ɗaya kuwa ba ya daɗewa.

A unguwarmu maza ba su cin tuwo cikin gida. Ciyayya ake yi. In an sallame magariba sai su zauna bisa dakalin ɗan masallacin da ya jingina da zaurenmu, kowane gida ya fito da akushinsa, a jera a tsakiya. A buɗe ɗaya, kowa ya sa hannu, in ya ƙare a jawo na gaba. Baƙo in ya tarar da su, ba a tambayarsa daga ina sai ya wanke hannu. Ba a kushe tuwon kowa a wurin. Limaminmu, wani tsoho mai ƙaramar murya, yakan tuna musu cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. To a baki haka ne. Amma mu mata mun san akushin mutum shi ne fuskarsa a dakalin nan. In yara sun dawo da shi, kafin mu tambayi komi sai mun leƙa mun ga ko an suɗe.

Darnin kara ne ya raba mu da gidan Masaƙi. Da damina manomi ne, da rani ya zauna bakin saƙa, shi ya sa kowa ke kiransa haka. Dogo ne, ba ya son yawan magana, kuma akushinsa ya fi na kowa girma a unguwa, baƙi ƙirin, da wata tsaga a baki da anka ɗinke da waya. In baƙo ya rasa masauki, gidansa ake nuna masa. Matarsa ta girme ni, Yaya nike ce mata. Ita ta nuna min rijiya da nike amarya, ita ta riƙe min baya ranar haihuwata ta fari. A bayan madafarmu akwai wata 'yar kafa a jikin darnin, ta nan muke miƙa wa juna garwashi da gishiri da kanwa, ta nan kuma muke gulmarmu in maza sun fita.

Sai ga wata shekara ruwa ya ɗauke tun hatsi na da ciki. Abin da ya tsira fara ta bi ta kai. Nasara kuma suna can suna yaƙinsu a wata duniya da ba mu sani ba, amma hatsinmu ya san hanyarta, don daga ɗan abin da anka girbe sai da anka fitar da nasu. Kafin bazara ta yi nisa rumbuna sun fara amsa kuwwa. Mata sunka shiga daji neman anza, a jiƙa, a zubar da ruwan, a sake jiƙawa don ɗacin ya fita. Mu muna da ɗan dama, saboda iyayena na noman albasa a fadama, ƙanena yakan kawo min ɗan hatsi da gabu in ya biyo da jakinsa. Masaƙi kuwa gonarsa ta tudu ce, ba ta ba shi komi ba, kuma wa zai sayi zane cikinsa na kuka?

Akushi a dakali ya yi ta ƙanƙancewa, miya ta yi ta tsinkewa, amma kowa na fitowa da nasa. Ran nan Masaƙi bai fito ba, ya aiko ɗansa ya ce cikinsa na ciwo. Washegari ma haka. Ba wanda zai kore shi in ya zo hannu wofi, wallahi da murna za a matsa masa. Amma mutumin da ya saba ciyar da baƙi, ya zo ya zauna ya miƙa hannu cikin na wasu, nasa babu? Masaƙi zai gwammace ya kwana da yunwa, kuma da ita yake kwana.

Maigidana ya shigo ya same ni ina kankare tukunya. Ya tsaya kamar mai neman wani abu, sannan ya ce, "Kin ji turmi gidan Masaƙi kwanan ga?"

Na ce, "Ban jiya ba."

"Hayaƙi hwa?"

Na ajiye tukunyar. "Mi kaka nuhi? Hito hili ka hwaɗi."

Ya ce, "Malamai sun ce in kin yi miya ki ƙara ruwa, ki tuna da maƙwabci."

"Ruwa kam na ƙara," in ji ni. "Na ƙara har ina ganin huskata ciki. In ƙara na mi kuma, in yi rijiya?"

Ya ce ai imanin mutum bai cika ba in ya kwana da ƙoshi maƙwabcinsa na jin yunwa. Na ce ya nuna min wanda ya kwana da ƙoshi a gidan nan, in gan shi in yi masa barka. Ina da yara ƙanana, ga na goye, rumbu kuwa na san inda hannuna yake kaiwa. Bai yi musu ba. Ya dai ce in ba shi hatsi a kwando ya kai ba zai yiwu ba, Masaƙi zai maido, kuma daga ranar ba za su ƙara iya kallon juna ba. Ya ce, "Ke kin hi ni dabara." Ya fita ya bar ni da faɗana.

Na yi ta mita ni kaɗai har na gaji, sannan na je kafar darni na leƙa. Yaya na zaune tana tsame anza daga ruwa, wuyanta ya zama kamar na tulu. Yaranta na kwance a inuwa, ba mai wasa. Mitar duk ta tsere daga bakina.

Na ce, "Yaya, ara min akushin maigidanki, nau ya tsage."

Ta ɗago ta dube ni. Ta san akushina lafiyarsa lau, ita ta raka ni munka saye shi. Ta tashi, ta ɗauko, ta turo min ta kafar.

Da rana ta yi sanyi na raba tuwonmu biyu. Na cika baƙin akushin nan gwargwadon iko, na haɗa ƙanzo da ɗan saura a ƙwarya don yaranta, na kira ta. Na ce, "Ga aronki na gode. A gidanmu ba a maida kwanon aro wohi." Ta karɓa. Daga baya ta gaya min da ta ajiye a gaban maigidanta ya daɗe yana kallon akushin. Bai tambaye ta daga ina ba. Ya sa hularsa, ya ɗauka, ya fita dakali.

Haka munka zauna. Kullum da hantsi in ari akushi, kullum da yamma in mayar. Ba ranar da na fasa cewa nawa ya tsage, ba ranar da ta ce min har yanzu ba a gyara ba. Tsakanin maigidana da Masaƙi kuwa ko kalma ba ta taɓa shiga ba. Su gaisa, su yi zancen gona, su rabu. Maigidana ya ce min Masaƙi ba ya wuce 'yan lomomi, sai ya janye hannu ya ce alhamdu lillahi, ya tura akushin gaban wasu.

Abu guda ya dame ni. Tuwo daga tukunya ɗaya, miya daga tukunya ɗaya, a fito da su ta ƙofa biyu, ai ko yaro ya gane. Tuwon dai Yaya takan sake malmala shi da mararta don ya ɗauki hannunta. Miyar ce matsala. Sai na yi dabara. Ina da gabun gidanmu, ganyen albasa da ake dakawa a dunƙula a shanya. Kowa na da gabu a ƙasar nan, amma innarmu takan gasa nata a kasko da 'yar citta kafin ta daka, ƙamshinsa daban ne. Sai in kwashe miyar akushinmu tukuna ba gabu, sannan in barbaɗa a sauran in zuba wa Masaƙi. Namu ya fita salam, nasa ya fita da ƙamshi. Har daɗi nike ji in maigidana ya ce yau an suɗe na Masaƙi an bar namu da saura. Ko mazan sun gane? Manoma ne masu hanci da harshe, kuma sun san gidan da turmi ke kuka da wanda ya yi shiru. Na tabbata sun gane tun ranar fari. Amma ba wanda ya ɗaga ido, sai dai su ce, "Madalla da gidan Masaƙi," shi kuma ya ce, "Madalla da Allah."

Ranar da abin zai faru, ƙanena ya biyo da jakinsa daga Boyekai zai wuce Rabah da albasa. Ya iso ana kiran magariba, bai shigo gida ba, ya ɗaure jaki ya bi jam'i, anka sallame ya zauna cikin maza. Da ya shigo ya sha ruwa tukuna da na ja masa kunne. Saurayi ne mai barkwanci, ba mugunta a ransa ko ƙwaya, kuma tsakaninsa da maigidana akwai wasa irin na ƙanen mata da mijin ya. Da na ji muryarsa sai na matso bayan zaure don in ji ko yana ci da kyau.

Anka buɗe akushinmu. Ya kai loma, sai na ji ya ce, "Kai! Wagga miya ba hannun yayata ba ta. Ko ka yi mata laihi ta huce bisa tukunya?" Anka yi 'yar dariya.

Anka jawo baƙin akushi. Na ji shiru na loma guda, sannan ya tafa hannu.

"Yawwa! Ga hannun yayata nan! An yi musanyar akushi, jama'a. Wanga shi na namu."

Maigidana ya ce a hankali, "Ci tuwo, yaro. Gabu ai kowa na da shi."

"Wane kowa? Gabun innarmu na, mai citta. Ni nik kawo mata shi da hannuna. Ko cikin duhu anka ba ni na san shi. Baba, halan ɗiyanku sun ɗauko na maƙwabta?"

Da Masaƙi yake. Ya kira shi Baba, da ladabinsa, yana dariya.

Ban taɓa jin shiru irin na ranar ba. Ko tauna ba a yi. Na dafa bangon zaure. Can sai muryar Masaƙi, ba rawa ba komi: "Allah shi yi ma hannun albarka, ko na wa ne. Ku ci, bismilla." Liman ya yi gyaran murya ya shiga zancen hadarin da anka gani gabas, kowa ya kama zancen kamar mai faɗawa rijiya ya samu igiya. Masaƙi bai tashi ba sai da anka gama anka yi lisha, sannan ya ɗauki akushinsa ya yi sallama yadda ya saba.

Da ƙanena ya shigo yana washe baki zai gaishe ni, ban san sa'ad da na ce masa, "Kai dai an yi sakarai! Allah ya ba ka baki bai ba ka linzami ba. Ka tuɓe dattijo tsirara gaban jama'a kana dariya!" Da ya fahimta sai ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Ya ce zai je yanzu ya durƙusa ya roƙi gafara. Maigidana ya riƙe shi. Ya ce, "In ka tai ka ba shi haƙuri, ka hwaɗi abin sau biyu ke nan. Bari." Ya juyo gare ni ya ce in sassauta, yaron yabo ya yi nufi. Na sani. Shi ya sa abin ya fi ciwo, ba wanda zan tsine wa in huce.

Washegari da hantsi na je darni. Na ce, "Yaya, ara min akushi."

Ta zo kusa, ta yi ƙasa da murya. "Ya ce a bar aron hakanan. Ya ce an gode."

"Ɗiyan hwa?"

Ta karɓi ƙwaryar yara a ɓoye, amma akushi bai ƙara ƙetare darni ba. Masaƙi bai ƙara fitowa dakali ba. Yana zuwa salla, ya gaisa da kowa fuska a sake, a sallame ya wuce gida. Maigidana ya ce tuwo ya daina wucewa a wuyan kowa, wurin zaman Masaƙi na nan ba mai matsawa ciki.

Ana haka hadari ya fara haɗuwa da gaske, iska ta juya, kowa ya shiga sharar gona yana duban sama. Ran nan bayan azahar sai na ji turmi a gidan Masaƙi. Wallahi har guɗa ta kusa kuɓuce min, na ce Allah ya kawo musu buɗi. Na ruga darni. Kafin in leƙa hancina ya gaya min, don warin hayaƙi ne ya tare ni.

Kowane manomi in an yi girbi yakan zaɓi zangarniyar da ta fi kyau, ya ɗaure dami guda, ya rataye a rufin madafa inda hayaƙi zai hana ƙwari. Shi ne iri. Ko yunwa ta kai ina ba a taɓa shi, akan ci ganye a kwana a ƙarƙashinsa ana kallo. To shi na gani a ƙasa, baƙi da kunkunniya, an kwance igiyar, Yaya na sussuka hawaye na zuba cikin turmin.

Na ce, "Yaya! Iri na hwa!"

Ta ce, "Iri na."

"Ruwa na bisa kai! Mi za ku shuka?"

"Na hwaɗa mai. Yac ce ya ci na mutane, sai mutane sun ci nai."

Na ce ta miƙo min irin ta nan in ba ta hatsinmu ta daka, ba zai sani ba. Ta yi min nuni da ido. Ashe Masaƙi yana zaune ƙofar ɗakinsa bisa buzu, yana kallon turmin. Duk zaman da munka yi bai taɓa yi min magana ta darni ba, sai ranar. Bai dubi inda nike ba, ya ce, "Ƙanwata, Allah shi saka miki. Ki bar ta ta yi aikinta."

Ni mai baki, ni da ba a kayar da ni a magana, na ja baya na bar darnin. Maigidana na gona. Kafin ya dawo an surfe, an wanke, an niƙa.

Da magariba Masaƙi ya fito da farar rigarsa ta Juma'a. Sai da ya tabbata yaransa sun ƙoshi tukuna, in ji Yaya, sannan ya ɗauki akushin da kansa, cike har murfin bai zauna ba. Ya ajiye a tsakiya, ya buɗe da hannunsa, ya ce, "Bismilla, jama'a."

Ina bayan zaure. Sauran maigidana ya ba ni labari. Ya ce loma ta fari kowa ya ji hayaƙi a harshensa, kuma ba wanda ke wurin da bai san hatsin da ke ɗanɗanon hayaƙi ba. Hannun Liman ya tsaya a sama. To mi za su yi? In sun janye hannu sun ce masa mun sani, mun kuma ƙi naka. In sun yi magana sun aibata abincin mutum a gabansa. Liman ya kai lomar bakinsa, ya haɗiye, ya ce, "Madalla da gidan Masaƙi." Sauran sunka bi. Sunka ci har ƙasa, sunka suɗe. Ni da kunnena na ji Masaƙi yana hira ranar, har da ba da labarin wani baƙo da ya taɓa sauka gidansa ya tafi da tabarma, yana dariya. Ban taɓa jin dariyarsa da ƙarfi ba sai ranar.

Maigidana ya shigo ya zauna bakin gado bai cire hula ba. Ya ce, "Mun canye gonar mutum muna ce mai madalla." Sai ya fashe da kuka. Tun da anka kawo ni gidan ban taɓa ganin hawayensa ba.

A kwanakin nan ne anka aiko daga sama ana neman maza a kai su haƙar kuza can ƙasar duwatsu, aikin Nasara. Ba mai so. In an ji masu ɗiba sun shigo gari, samari sai su kwana a daji. Masaƙi da ƙafarsa ya je wurin mai gari ya ce a sa shi. Dattijo mai furfura a gemu, lokacin da masu cin rani ke dawowa gida don shuka, shi yana ɗaure tabarma zai fita. Liman ya je ya same shi, maigidana ya je. Ya ce musu ba fushi ya yi da kowa ba, can dai an ce ana ba mutum abinci a bakin aikinsa, kuma in ya tafi baki ɗaya ya ragu a gida. Ya bi gida gida ya nemi gafara. A ƙofarmu ya riƙe hannun maigidana ya ce, "Ga gida nan." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Bai daɗe da tafiya ba ruwa ya sauka. Da gari ya waye ba wanda ya yi shawara da wani, mazan dakalin nan kowa ya ɗebi wani abu daga irinsa, sunka haɗu a gonar Masaƙi, sunka shuke ta kafin kowa ya taka tasa. Sai ga ƙanena daga Boyekai da ƙafa, da iri ƙulle a bakin riga. Daminar nan duk a gonar ya yi ta, noman fari da maimai, ya rame ya yi baƙi, barkwancin ya tafi. Na so in ce masa ya isa, bakina ya ƙi. Sai dai in ya dawo in ajiye masa ruwan wanka.

Gonar ta fito wani iri, hatsin gida kaza da na gida kaza a kunya ɗaya, wani dogo wani gajere, wani ya nuna wani na bununi. Amma ta yi. Masu wucewa har tsayawa suke yi. Ni kuma na koma aron akushi don Yaya da yara. Ba sauran abin ɓoyewa, amma ban iya miƙa mata hakanan ba, kullum sai na ce nawa ya tsage.

Ana gab da girbi wani mutumin garin Maikujera da sunka tafi tare da Masaƙi ya dawo, yana tari kamar ƙirjinsa zai fashe. Ya sauka a dakali ya nemi Liman. Ya ce sanyin duwatsun nan ba irin namu ba ne, ya shiga ƙirjin Masaƙi, bai yi doguwar jinya ba, can sunka yi masa sutura. Ya ce tun da sunka isa Masaƙi ya hana mutanen ƙasarmu kowa ya ci nasa a gefe. In an raba abinci sai ya tara su, a jera kwanoni a tsakiya, a buɗe ɗaya bayan ɗaya.

Na yi kuka har muryata ta dushe. Na yi faɗa da maigidana a kan mi ya sa bai riƙe shi ba, na yi faɗa da Nasara da ban taɓa gani ba, na yi faɗa da gabu. Yaya ce mai takaba, amma ita ke ba ni haƙuri ta darni.

Maza sunka girbe gonar, sunka ɗaure, sunka cika mata rumbu. Liman da kansa ya zaɓi zangarniyar iri, ya ba ɗan Masaƙi ya hau ya rataye a madafa.

Ranar da ta fara daka sabon hatsi, da la'asar sakaliya, na ji ta kira ni. Na je darni.

Ta ce, "Ara min akushinki, namu ya tsage."

Na dube ta, ta dube ni. Na ɗauko na tura mata. Da rana ta kusa faɗuwa ta sake kira, ta turo shi cike, da zafinsa.

Na ce, "Yaya, mi na haka? Ku da marayu?"

Ta ce, "Ba ni ba ta. Shi yab bar sallahu ran da za shi tahi. Yac ce in Allah ya kawo kaka, tuwon hwarko ta nan za shi bi. Nic ce mai wace kaka, kai da ba ka bar iri ba? Yac ce ya san da su wa shika ciyayya." Ta share ido da bakin zane. "Yac ce kuma in gaya miki miyar ta yi daɗi. Bai samu bakin hwaɗi ba."

Ban kai shi ɗaki ba. Nan gindin darnin na zauna a ƙasa, ita tana wancan gefe ina wannan, na buɗe na yi bismilla. Na ci har ƙasa, don ba a mayar da tuwon mutum.